Fangali uku a bayan gida: neman ƙasar shuka a Agege

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau Baba mai gidan da muke haya ya amince in yi lambu a bayan gida. Sharaɗinsa biyu ne: kada in fasa simintin bayan gida, kuma ranar da zan tashi in bar masa wurin yadda na same shi. Na ce na ji, na yarda.

Shekarata 11 ina ɗinki a Agege, amma a lambu na tashi. Mahaifina da Kawu suna noman rani a wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo magudanai har bakin gona. Can gida a ƙasa ake yin fangali: ka ja kunya ka kewaye, tsakiyar ta yi kwari, ka buɗe wa ruwa hanya ya shiga ya kwanta. Duk dabarar mai lambun Arewa ta riƙe ruwa ce. A nan al'amarin a juye yake. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya haura, na Kano kuwa a matsakaicin lissafi bai kai 1,000 ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi kwatar layinmu takan cika ta amayo, baƙin ruwa ya bi ta bayan gidan har idon sawu. Ba zan ci ganyen da wannan ruwan ya taɓa ba, balle in ba yarana. Dole fangalina ya hau sama.

Na auna da tef ɗin ɗinki. Wurin zai ɗauki fangali uku. Kowanne bulo 6 a tsawo, bulo 2 a faɗi, layi biyu a tsaye. Cikinsa zai zama santimita 240 a 90, in na zuba ƙasa mai zurfin 40 zai ci lita 864. Bokitin fenti mai lita 20 shi ne mudun da zan riƙa awo da shi: bokiti 43 kowane fangali, wajen 130 duka ukun. Da na ga lambar nan na gane cewa ginin ba shi ne aikin ba. Ina zan samo bokiti 130 na ƙasar kirki a garin da ko'ina siminti ne?

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bulo ya iso. Mai inci 6, guda 100 a kan ₦600, kuɗin mota ₦8,000. Jimla ₦68,000. Ni da babban ɗana muka jera su ba siminti, saboda alkawarin Baba. A layin ƙasa na bar tsaga mai faɗin yatsa biyu tsakanin wasu bulolin, na tare ta daga ciki da fasassun bulo, don ruwa ya fita ƙasa ta tsaya. Na bar faɗin a 90 da gangan: hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, ba mai taka cikin fangalin ya danne ƙasar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na rufe shago bayan azahar na shiga yawon neman ƙasa. Na fara da masu tifa. Su abin da suka sani gini ne, kuma kayansu kala uku ne. Akwai yashi mai kaifi na kwaɓa kankare, akwai mai laushi na filasta, sai jar ƙasa da ake cike fili da ita kafin a ɗora gini. Ɗaya daga cikinsu ya ce min, "Malam, jar nan ita ce ƙasar Agege ta asali, a kanta aka yi gonakin goro da kakanninku suka zo saye." Gaskiya ne goro ne ya fara kawo Hausawa Agege. Amma bishiyar goro saman ƙasa take ci, inda ganye ya shekara da shekaru yana ruɓewa. Abin da tifa ke kawowa daga can cikin rami ake haƙo shi, inda saiwa ba ta taɓa kaiwa ba. Na jiƙa kaɗan na murza a tafin hannu, ya miƙe ya yi igiya kamar yumɓun maginan tukwane.

Daga nan na wuce wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Suna da baƙar ƙasa a buhuna, buhu ₦3,000, kuma buhun bai wuce bokiti uku ba. Buhu 43 nake bukata, wato ₦129,000. Na tambayi inda suke samo ta, kowa da amsarsa. Wani ya ce daji, wani ya ce bakin rafi, wani ya yi dariya kawai.

Na roƙi ɗan dunƙule daga kowane wuri, na ƙulla a leda, na rubuta sunansa da alli na ɗinki.

Talata, 18 ga Fabrairu

Gwajin kwalba. Malamin noma ne ya koya mana shi a sakandare, ban taɓa yin sa da gaske ba sai yanzu. Ka zuba ƙasa ta kai sulusin kwalba, ka cika da ruwa, ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, ka girgiza sosai, ka ajiye. Yashi ne ke fara kwanciya, cikin minti ɗaya. Turɓaya mai laushi ta biyo baya cikin awa biyu ko makamancin haka. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu yana yawo a ruwa kafin ya sauka. Daga nan ka sa tef ka auna kaurin kowane layi.

Kwalbar yashi ta washe kafin in gama wanke hannu. Ta jar ƙasa har yau, kwana uku, ruwanta bai gama washewa ba, kuma yumɓun ya kusa rabi. Ta masu furanni ce ta ba ni mamaki: ƙasan duk yashi, sama kuma baƙin gari yana yawo, tsakaninsu kusan babu komai. Na ɗebo na saman na murza, rabinsa garin gawayi ne. Ba laifi ba ne a sa gawayi a ƙasa, yana da amfaninsa, amma wanda ya ga baƙin nan ya ɗauka dabaro ce irin ta fadama ya yi kuskure.

Na kuma shuka wake ƙwaya biyar-biyar a kofuna, kowane kofi da irin ƙasarsa. Dalili shi ne yashin Legas da yawa daga cikin lagun ake haƙo shi, ruwan da ke haɗe da teku, kuma wake ba ya jure gishiri.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na yi asarar ₦30,000, kuma zan rubuta yadda aka yi filla-filla don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Jiya bayan Juma'a wani mutum ya tsayar da motar a-kori-kura a bakin layinmu, cike da buhunan baƙar ƙasa. Buhu ₦1,500, rabin kuɗin masu furanni. Ya buɗe min ɗaya, na sa hannu: baƙa wuluk, laushi, ba dutse. Ya ce yanzu zai wuce, akwai mai jiransa. Na manta da kwalba, na manta da wake, na sayi buhu 20.

Da safe na haɗa rariya da wayar kaji da katako, ₦2,500, muka fara tankaɗe. Buhun farko lafiya, ashe shi ne na nuni. Daga na biyu abubuwa suka fara fitowa: guntayen leda, fasasshiyar kwalba, murfin lemo, kan sirinji, sai kuma batura, ƙanana na tocila da suka ruɓe suka fashe, da wani guntun farantin batirin mota. Da na zuba ruwa wani wari ya taso mai haɗe da ƙauri. Ƙasar tsohuwar bola ce da aka ƙona aka tankaɗe sama-sama.

Na so in lallaɓa. Na ce wa maiɗakina in mun tankaɗe da kyau ai za ta yi. Ta ɗauki guntun batirin nan da tsinke ta nuna min, ta ce, "Baban yara, rariya leda take kamawa. Abin da ya narke daga cikin wannan fa, wace rariya ce za ta kama shi?" Ban da amsa. Farantin batirin mota dalma ce, kuma dalma ba ta ruɓewa, in ta shiga ƙasa ta zauna ke nan. Duk ɗan Arewa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai dalma ta kashe yara sama da 400. Ba wai ina cewa buhunan nan sun kai can ba. Amma hanyar shigar ɗaya ce: ƙura a hannun yaro, hannu a baki, da ƙasar da ruwan sama ke fantsama wa ganye. Ƙaramarmu shekararta 3, kuma na san ranar da aka cika fangalin nan ita ce za ta fara tona shi.

Mun mayar da komai cikin buhu mun ɗaure. Araha ba ta ado.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na kira Kawu na ba shi labari. Ya ce, "Kai yaro, mu da muke sayen takin bola daga birni a zuba mana a gona tun kana goye?" Na ce, "Allah ya ja kwana Kawu, bolar da kuka sani toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Ta Legas batir ce da leda da baƙin mai." Ya yi shiru, sannan ya ce ko ta Kanon ma yanzu ta lalace, sai sun yini suna tsince leda. Shawararsa ita ce in nemi ƙasa mai laka-laka wadda za ta riƙe ruwa, tunda abin a kan siminti yake, rana za ta busar da shi. Na riƙe maganar.

Waken ya fito. Na kofin yashi mai kaifi biyu ne kacal suka tsiro, bakin ganyensu a ƙone. In zan sa yashin nan sai na wanke shi. Buhunan bola kuwa Baba ya sa an cike ramin da ke gaban gida da su, an zuba fasassun bulo a kai.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Da sassafe na je wajen mayankar Oko-Oba, tunda ba nisa. Kashin shanu a nan ba ya ƙarewa. Yaranmu 'yan Arewa ne ke aikin, na gaisa da su na ce ba ɗanye nake so ba, su tona min gindin tsohon tsibi, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Buhu 12 a kan ₦500, mai keke ya yi sawu biyu ₦5,000. Jimla ₦11,000.

Ko da yake ya kwana biyu, da na tara shi na yayyafa ruwa sai ya ɗau zafi, alamar bai gama nuna ba. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, kuma ga ƙwayar irin ciyawar da shanu suka ci, wanda zai tsiro a fangali. Zafin tsibin ne ke kashe yawancinsa. Na rufe da tsofaffin buhuna, zan riƙa juyawa duk mako. Alamar da mahaifina ya koya min ita ce: ka cusa hannu har gwiwar hannu, in ka ji sanyi, kuma ƙanshin ya koma na ƙasa bayan ruwan farko, ya nuna.

Lahadi, 9 ga Maris

Na juya taki. Har yanzu da zafi. Ɗinkin Sallah ya taso, ba na barin shago sai bayan sha biyun dare.

Lahadi, 16 ga Maris

Alhamdu lillahi, na sami ƙasa. Ƙanin maiɗakina yana bin tifa a wajen Ifo, a jihar Ogun. Ya kira ya ce, "Yaya, ana share wani daji za a yi gini, katafila na ture saman ƙasar gefe, ba mai so." Abin da magini ke zubarwa shi nake nema. Na ce kada ya loda komai sai ya aiko min da leda ɗaya.

Wannan karon na bi ƙa'ida. Launinta ruwan ƙasa ne mai duhu, ba baƙa ba, da guntayen saiwa da ganye, har da tana guda biyu a ciki. Na dunƙule ta da ɗan danshi ta kama, na taɓa da yatsa ta wargaje. A kwalba, cikin inci 4 da suka kwanta, yashi ya ci 2 da rabi, turɓaya 1, yumɓu rabi. Wake biyar duk sun fito.

Maƙwabcina mai kiwon tarwada yana da abin auna tsamin ruwa, awon da ake kira pH, in lambar ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru ke nan. Ya gwada min ruwan saman kwalaben. Ƙasar dajin ta nuna wajen 6, jar ƙasa wajen 5 da rabi. Yawancin kayan miya sun fi son tsakanin 6 da 7. Yawan ruwan sama ne ke wanke ƙasar Kudu ya bar ta da tsami, kuma tokar itace na rage shi.

Matsala ɗaya: buhu 21 kaɗai motar da muka samu ta iya ɗauka, bokiti 63. Masu lodi ₦12,000, mota ₦18,000.

Juma'a, 28 ga Maris

Ban taɓa komai ba sai juya taki. Ya huce. Jibi Sallah in an ga wata, saura riguna 9 a gabana.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar cikawa. Ƙasar daji 63, taki ya sauka ya koma bokiti 31, ke nan 94, saura 35 a cika. Maimakon in jira, na yanke shawarar kowane fangali in yi masa haɗinsa daban, in ga wanda zai fi.

Na farko shi na ba haɗin da zuciyata ta fi kwanciya da shi: ƙasar daji 26, taki 12, yashi 5. Yashin na wanke shi sau uku a baro, ina zubar da ruwan.

Na biyu: ƙasar daji 22, taki 9, garin katako 12. Kyauta na samo garin a wajen kafinta. Na ga yana da sauƙi, yana shan ruwa, na ce zai sa ƙasa ta saki jiki.

Na uku na bi maganar Kawu: jar ƙasa 18, ƙasar daji 15, taki 10. Jar ƙasar daga gidan da ke haƙa ramin masai a bayanmu na ɗebo, sabon rami ne da ba a fara amfani da shi ba. Na barbaɗa mata toka gwangwanin madara huɗu daga wajen mai ƙosai, na tabbatar ta itace ce zalla, ba a ƙona leda a ciki ba.

A kan siminti muka riƙa juya kowane haɗi da shebur sau uku kafin mu zuba, kamar masu kwaɓa kankare. In aka zuba layi-layi ba a gauraya ba, ruwa kan tsaya a inda ƙasa ɗaya ta haɗu da wata. Mun gama ana kiran magariba. Na ba su ruwa sosai, zan bar su mako ɗaya su zauna.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙasa ta sauka wajen yatsa uku a kowanne. Shuka: alayyafo layi ɗaya a duka ukun don in kwatanta, lalo a na farko da na biyu, kuɓewa da yakuwa a na uku. Iri ₦3,500. Mama da ke ɗakin gaba, wadda ke kiran lalo ewedu, ta ce in ƙulle irin a ƙyalle in tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan kafin in shuka, in ba haka ba sai ya yi ta jinkirin fitowa. Na yi yadda ta ce.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Kwana 15. Bambancin ko yaro zai gani. Alayyafon fangali na farko ya kai tsawon tafin hannu, kore shar. Na uku yana biye da shi. Na biyu kuwa ya tsaya cak, bai wuce yatsa ba, kuma ganyen ƙasa sun koma ɗorawa, daga tsofaffin abin ke farawa yana hawa sama. Na san alamar nan daga gonar masara: yunwar taki ce, ƙarancin naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore.

Amma na sa taki bokiti 9, ina ya tafi? Garin katako ne ya cinye. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da itace suna bukatar naitirojin don su yi aikinsu, itace kuma ba shi da shi sosai, sai su jawo na cikin ƙasa, shuka ta zauna da yunwa har sai katakon ya gama ruɓewa. Hakan na iya ɗaukar watanni. Da a sama na shimfiɗa shi don ya tare rana da ciyawa, da bai yi ɓarna haka ba. Da kuma na tara shi da kashin kaji ya yi wata da watanni, da ya zama taki. Cusa shi ɗanye cikin ƙasa ne kuskuren.

Na sayi takin zamani na yuriya gwangwani biyu, ₦1,500. Cokali ɗaya a bokitin ruwa, a gindi nake zubawa ba a kan ganye ba. Maƙwabcina kuma ya ce duk ranar da zai canza ruwan tarwada in kawo bokiti, tunda shi ma taki ne.

Talata, 6 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwan da nake jira, tun bayan isha'i har wajen ƙarfe biyu. Kwata ta amayo kamar yadda ta saba, ruwa ya kewaye fangali ukun, amma bai kai rabin bulon ƙasa ba. Wannan kam ginin ya yi aikinsa.

Da asuba na fita da tocila. Na farko da na biyu ruwa na ɗiga ta tsagogin ƙasa, samansu ba ko ɗigo. Na uku ya zama tafki. Har azahar ruwa na kwance a kai, da ya janye kuma saman ya yi santsi kamar an shafe daɓe. Na cusa sanda har ƙasa na zaro, taɓo ne tun daga sama har gindi. Da yamma kuɓewa ta yi laushi ta sunkuyar da kai alhali ƙafarta na cikin ruwa. Saiwa na numfashi, in ruwa ya cike duk ƙofofin da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe, ta kasa jan ruwan da take ciki.

Na kira Kawu. Ya saurara har na gama, ya ce, "To ai ni ruwan Kura na sani. Mu nan wata bakwai muke yi ba ɗigo. In naku haka yake, bar lakar nan." Shawarar da ya ba ni daidai take a gonarsa, a watan Maris, da iskar da ke busar da fangali kafin la'asar. Ni ne ya kamata in tuna cewa ina shuka a bakin damina, a garin da watan Yuni ke tafe da ruwan da ya fi na kowane wata.

Asabar, 10 ga Mayu

Yankan farko, daga fangali na farko, kwana 28 da shuka. Alayyafo ya cika babbar roba. Mun kai wa Baba da Mama nasu, maiɗakina ta yi fate da sauran. Na yanka ne a sama na bar gindin ya sake tohowa. Na biyu ya fara komawa kore, amma yana baya da kusan mako biyu.

Asabar, 24 ga Mayu

Na tuge kuɓewar na uku, cikin 8 guda 5 sun mutu. Saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe. Na duba su da kyau ko akwai ƙulle-ƙullen nan da tsutsar saiwa ke haifarwa, wadda ke addabar kuɓewa da tumatir a ƙasa mai yashi. Babu, kuma wannan ya kwantar min da hankali game da ƙasar dajin. Yakuwa ta fi juriya, na ciro ta da ƙasarta na ajiye a buhuna.

Wani ya ce in zuba yashi kawai in juya. Ban yarda ba. Duk wanda ya ga ana kwaɓa ƙasar gini a gida ya san yumɓu da yashi kaɗan tubali suke bayarwa. Na kwashe rabin fangalin na fitar, na sa ƙanin maiɗakina ya ƙaro buhu 8 na ƙasar daji, ₦14,000 har da mota. Na haɗa da garin gawayi bokiti biyu, ₦1,000, wanda na jiƙa kwana uku a ruwan tarwada, da ruɓaɓɓen ganyen da na tara a gindin bishiyar masallaci. Na mayar da yakuwa, na sake shuka kuɓewa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shekaranjiya aka yi Layya. Na bi gidaje huɗu na layinmu na karɓi abin cikin tumbin raguna, wanda da a kwata zai ƙare. Na haɗa shi da ragowar garin katako da busasshen ganye na yi sabon tsibi a lungu, na ɗora kan bulo, na rufe da leda saboda ƙuda da ruwa. A nan garin katakon zai yi amfani.

Lahadi, 15 ga Yuni

Kwana uku a jere ana ruwa. Na uku yanzu yana tsanewa cikin awa ɗaya, sabuwar kuɓewa ta yi ganye huɗu. Na farko mun yanke shi sau uku, lalo sau biyu, amma na lura ganyen ya fara ƙanƙancewa, kuma ƙasar ta sauka kusan tafin hannu daga inda ta fara. Ƙasar da ke sakin ruwa da sauri tana sakin abinci tare da shi. Don haka wanda na fi yabo shi ne zai fi bukatar a riƙa ƙara masa taki a kai a kai. In zan sake haɗa shi ba zan sa yashin nan 5 ba, tunda ƙasar dajin da ma fiye da rabinta yashi ne. Da taki zan cike gurbin.

Abin da na kashe zuwa yau ₦161,500, har da ₦30,000 na buhunan bola.

Abin da ke gaba: mako mai zuwa zan koma Oko-Oba in ɗauko buhu 4, in shimfiɗa kaurin yatsa biyu a saman kowane fangali ba tare da na tona ba. Tumatir da attarugu ba zan taɓa su ba yanzu, danshin nan cuta yake kawo musu. Zan yi rainon irinsu a kofuna a watan Agusta, lokacin da ruwan Legas ke ɗan tsagaitawa, in dasa a na farko bayan na cire lalo, alayyafo kuma ya koma na biyu. Mama ta ce in bar mata kusurwa ɗaya a na uku za ta kawo irin ugu, wani ganyen miya na Kudu, na ce ta zo da shi ranar Asabar.